Tafiyar Mazin a Kilobayit Huɗu

Ni dai tun farko ban ga amfanin abin ba, kuma na faɗa masa a fuska. Ƙanena Mazin gyaran waya yake yi a wani shago a kasuwar Suk al-Shabi da ke tsallaken kogi, amma hankalinsa duk yana kan abin da shi da abokansa suke kira demo. Na ce fim ne? Ya ce a'a. Wasa ne? A'a. To mene ne, don Allah? Ya ce lissafi ne zalla kake rubuta wa kwamfuta, babu hoto ko ɗaya a ciki, babu muryar da aka ɗauka, ita ce za ta zana komai ta kaɗa kiɗan a gabanka duk lokacin da ka kunna. Kuma dokar gasarsu ita ce kada abin ya wuce kilobayit huɗu.

"Yaya Suhaila, hoton farcenki ma ya fi haka nauyi," in ji shi.

Na ce to madalla, sai a dafa a ci.

Wanda yake haɗawa a lokacin, hanyarsa ta dawowa gida ce. Ka zama kamar kai ne kake tafe, ka fito daga kasuwa, ka hau gada, ka tsallaka kogi zuwa Umdurman. Tafiyar minti uku ce da kiɗanta.

Ran da yaƙi ya ɓarke ya yi sammako zuwa shago, ya bar kwamfutarsa a gida. Ya kira da hantsi ya ce motoci sun tsaya, zai taho da ƙafa. Daga nan shiru. Mun nema har muka gaji, babu wanda ya iya ce mana ko ya tsallako kogin ko bai tsallako ba. Da wuta ta matso unguwarmu muka gudu Gadarif, mahaifiyarmu Hajaratu, wadda muke kira Yumma, tana rungume da kwamfutar nan cikin mayafinta. Abin cajin kuwa mun manta shi a bango.

Sau biyu dangi suna zuwa a kan a yi masa salla a yi sadaka, sau biyu Yumma tana korarsu. "Ba a yi wa mai tafiya salla," ta ce. Haka muka zauna, ba makoki, ba murna.

Bayan mun dawo Umdurman na samo abin caji a wurin wani maƙwabci mai sola. Da rana tsaka kawai ake samun wuta, don haka da rana muka kunna, a inuwar baranda. Na danna demon don Yumma ta ga aikin ɗanta, ba don komai ba.

Sai ga gada, an zana ta da toka-toka da ruwan ƙasa, kogi a ƙarƙashi. Amma babu abin da yake motsi. Kiɗan ma sauti ɗaya ne dogo, kamar kukan injin ban-ruwa daga nesa. Na ce ya lalace. Washegari Yumma ta sa na sake kunnawa, ta kafa yatsa a kan allon.

"Jiya wannan turken fitilar yana gabansa. Yau ya wuce shi."

Gaskiyarta ne.

Na nemo lambar Amjad, abokin Mazin da suke wannan harka tare, yana Alƙahira yanzu. Na tura masa demon. Ya kira ni yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Yaya, wannan kuskure ne da kowannenmu ya taɓa yi. Ya kamata tafiyar ta riƙa ƙirga lokaci daga farkon kiɗa. Shi kuma don ya rage nauyi sai ya ɗaura ta a kan agogon kwamfutar, kuma ya raba da lambar da ba ita ba. Shi ya sa minti uku ya zama shekaru. Agogon kuwa ko an kashe kwamfuta yana tafiya."

"To in ya sauka daga gadar fa?"

"Ba komai. Baƙi ƙirin za ku gani. Bai kai ga rubuta Umdurman ba, wuri ya ƙare masa. Ina kallon abin da ya rubuta yanzu haka, kasuwa ce da gada, shi ke nan."

Na ji daɗi, wallahi. Na ce bari ya sauka, allo ya yi baƙi, Yumma ta haƙura.

Ya sauka, allo bai yi baƙi ba. Titinmu ne na bakin gada ya fito, kuma ba yadda Mazin ya san shi ba. Ga gidan man da ya ƙone. Ga raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, kife a gefen hanya, wadda har yau tana nan, na wuce ta da ƙafata. Na ɗauki hoton allon na tura wa Amjad. Ya tura agogonsa gaba ya gwada a tasa kwamfutar, ya ce shi duhu kawai yake gani. Sannan ya ce, "Yaya, wannan ba zai shiga kilobayit huɗu ba. Ki kashe ta."

Kashe ta? Ya zo ya gaya wa Yumma da bakinsa.

Tun daga ranar ta daina zama uwata. Da rana ta ɗaga za ta ja angarib, gadonmu na igiya, ta zauna gaban allo. In na kawo tuwon asida sai ta ce a rufe a ajiye masa. Ta share ɗakinsa, ta wanke jallabiyarsa. Ta rame har zoben hannunta yana zamewa. Sautin nan kuwa ya cika gidan, wani lokaci ya sauya ya ƙara yin ƙasa, har kajin maƙwabta suka daina shigo mana. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce Yumma wannan lissafi ne, ba mutum ba ne. Ta ce, "Lissafin ya san hanyar gidanmu?"

Ina tsoron abin, ina kuma jin haushinsa. Da irin wannan tafiyar hawainiya, kafin ya iso ƙofarmu na san Yumma ce za mu ɗauka.

Wata rana ta tashi alwalar azahar. Na tuna abin da Amjad ya yi da nasa agogon. Na ce to, in zuwa za ka yi, zo mu gani yau. Na buɗe agogon kwamfutar na tura shi gaba da wata guda, na sake kunna demon.

Ya shigo unguwarmu. Ga masallacin Juma'a da hasumiyarsa mai rami.

Na ƙara wata guda. Ga katangar makarantar firamare, ga darbejiyar da ke jikinta. Layi biyu ya rage zuwa gidanmu. Na ƙara wani watan.

Katangar ce dai, amma hoton ya kwanta. Ƙasa ta dawo gefe ɗaya, kamar yadda mutum yake gani in kumatunsa yana kan turɓaya. Daga can nesa ana hango bakin layinmu. Kiɗan ya ɗauke.

Na tura shekara guda. Bai motsa ba. Na tura goma. Yana nan.

Ban ji dawowar Yumma ba, sai ɗigar ruwan alwala a kafaɗata. Ta daɗe tana kallo. Ba ta tambaye ni abin da na taɓa ba. Ta saka takalmanta ta fita, na bi ta a baya, rana tana dukanmu.

A lokacin yaƙi ba a iya kaiwa maƙabarta, duk inda mutum ya faɗi nan maƙwabta suke haƙa masa. A jikin katangar makarantar akwai irin waɗannan tudun ƙasa guda uku, babu suna, an kafa bulo a kan kowanne. Kullum ta nan nake wucewa ɗebo ruwa. Yumma ta tsaya, ta dubi darbejiyar, ta dubi bakin layinmu, ta matsa kaɗan, ta durƙusa a gaban na tsakiya. Ta sa tafin hannu ta share busassun ganyen da ke kansa.

"Ashe ka tsallako," ta ce. "Layi biyu, Mazin. Layi biyu kawai."

Na tsaya a kanta ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Ita ko hawaye babu. Ta ɗago ta dube ni, karon farko cikin makonni da ta dube ni sosai.

"Suhaila, kawo ruwa mu yayyafa masa. In kin dawo ki biya ki gaya wa liman."