Kirtani Mai Baki Biyu

A zamanin da nake ba ku labari Turawa ne ke riƙe da ƙasa, ni kuwa ina lebura a layin dogo, ina bin ƙarfe da guduma, duk kusar da ta kwance in ɗaure ta. Ɗaki biyu kamfanin jirgi ya ba mu a bayan wata ƙaramar tasha, ɗaya ni da maiɗakina, ɗaya mahaifiyata, wadda kowa a barikin ma'aikatan ke kira Inna.

Inna ta taka tsohuwar kusa a bakin famfo. Ciwon ya zama miki a tafin ƙafarta ta dama, ya ƙi rufewa. Wata uku ni ke wanke shi kowace safiya kafin in fita aiki, don ba ta yarda surukarta ta taɓa mata ƙafa. Malamin asibiti mai zagayen tashoshi ya duba, sannan ya ja ni gefe.

"Magani na yin nasa, ƙasa na yin nata," in ji shi. "Kana ɗaurewa da safe, kafin hantsi ta cika bandejin da turɓaya. Nemo mata takalmi sau-ciki. Kada ya matse, kada kuma ya yi mata yawa ya riƙa gogar wurin. In na dawo ƙarshen wata bai fara haɗewa ba, babban asibiti zan tura ta. Likitan can ba ya doguwar shawara, wuƙa yake ɗauka."

Da na gaya wa Inna, ko kallona ba ta yi ba.

"Shekara sittin ina taka ƙasa ba ta cinye ni ba. Sai yanzu za a sa mini ƙafa a akwati?"

Na san halin uwata. In takalmin ya cije ta sau ɗaya, a kan rufin ɗaki za a tsince shi, kuma ba mai sake sa mata wani har abada. Ga shi ba ta iya tafiyar birni, ni kuma rana ɗaya ake ba ni hutu a wata.

Maiɗakina ce ta yi dabara. Ta bari Inna ta yi barcin rana, ta lallaɓa da kirtani ta auna ƙafar daga diddige zuwa babban yatsa, ta ƙulla. Daga ni har ita ba wanda ya san baƙi da fari a takarda, kirtani ne littafinmu. Ta kuma auna faɗin tagarmu don labule, ta yi ƙulli na biyu. Sannan ta ƙona baki ɗaya a garwashi.

"Maigida, ta nan ake farawa, ta bakin da na ƙona. Ƙulli na farko ƙafar Inna, na biyu taga. Sai ƙwan fitila da lagwani, da kwano mai murfi. In maimaita?"

"Ni kike koya wa awo? Ni da nake auna layin da jirgi ke bi?"

"Allah ya ba ka haƙuri. Jirgi dai ba ya sa takalmi."

Na bi fasinjan safe. A cikin jirgi na ciro kirtanin ina dubawa, sai na ga ɗaya bakin ya fara warwarewa. Ni kuwa ba na iya ganin abu na kwancewa in ƙyale, aikina ke nan. Wani na kusa da ni ya kunna taba, na roƙi ashanar kafin ta mutu, na ƙona bakin, na murje shi da yatsa, na mayar aljihu ina jin na yi abin kirki.

Layin kantuna na birnin dogo ne, rufin kwano a jere, kowane da barandarsa. Babban kantin ƙofa biyu gare shi. Ta gaba mai matakala ta Turawa ce, mu ta gefe muke shiga. Ban damu ba, ba zama na zo yi ba. Ciki kuwa ƙamshin sabon yadi ya gauraye da na sabulu da kananzir. Bandir-bandir na yadi sun kai rufi, kwanuka an jera ƙarami cikin babba, butoci na rataye a kusa kamar an yi musu laifi.

Na fara da kwano. Na ƙwanƙwasa huɗu da yatsa kafin in sami mai amo tas, wanda murfinsa ke zama ba rawa. Na ɗaga ƙwan fitila ga hasken taga, ba tsaga. Na zaɓi yadi mai ruwan ganye da ƙananan furanni, don na san abin da idon maiɗakina ke so ko ba ta faɗa ba. Mai yankan yadi ya kama kirtanin, ya ja har ƙulli na biyu, ya ƙara abin kalmasa, ya sa almakashi. Har zuwa lokacin ina tafiya kamar mai unguwa.

Akawun takalma wani siriri ne mai gajeren wando da doguwar safa, da fensir a bayan kunne.

"Lamba nawa?"

"Ƙafar uwata ce, ba motar haya ba. Ba ta da lamba."

Ya yi dariya. "To, Mai Kirtani, kawo mu gani."

Ya shimfiɗa shi a kan sandar awonsa, sai ya tsaya.

"Ta wane baki?"

"Bakin da aka ƙona."

"Ai duka biyun a ƙone suke."

Na karɓa na juya. Wannan baƙi, wancan baƙi. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido, ranar na ga fassararsa a hannuna. Akawun ya auna ta wannan baki zuwa ƙullin farko, ya ce lamba huɗu. Ya juya ta wancan, ya ce lamba bakwai. Bambancin bai wuce faɗin yatsa biyu ba, kuma kowanne ƙafar mace ce sosai. Na ce a duba ƙulli na biyu ko zai raba gardama. Ta nan taga ce, ta can ma taga ce.

"Kirtaninka munafuki ne, baki biyu gare shi," in ji akawun. "Ɗauki babban, a cusa tsumma."

"Zai goge mata ciwo."

"Ɗauki ƙaramin, zai saki."

"Kafin ya saki ita ta sake shi."

"To ɗauki na tsakiya, kowa ya huta."

"Na tsakiya ba na kowa ba ne."

Ya nuna mini wani allo a bango da fensirinsa. "Ka ga wancan rubutun? Kayan da ya fita ba ya dawowa. Bature ne ya rubuta, ba ni ba. Ka yi tunani, ni dai ina nan."

Ya juya wajen wata mata mai neman silifa. Agogon kantin ya nuna rana ta karkata, fasinjan la'asar kuwa ba ya jiran kowa, ko mu da muke gyara masa hanya. In na koma hannu wofi, hutu na gaba sai bayan malamin asibiti ya zo ya tafi.

Na dafa teburin kantin da hannun hagu, ina kallon kirtanin kamar zai yi magana. Sai idona ya sauka a kan wani tsohon tabo a wuyan hannuna, inda ƙarfe mai zafi ya taɓa lasata tun farkon shigata aiki. Kullum da safe a kan hannun nan nake ɗora ƙafar Inna in wanke da na dama. Diddigenta a kan tabon yake zama, na sani don kaushinsa na sosa mini wurin. Babban yatsanta kuwa daidai ƙarshen yatsana na tsakiya yake tsayawa. Safiya casa'in ina auna ta ban sani ba.

Na naɗe hannun riga. Na ɗora baki ɗaya a kan tabon, na ja. Ƙullin ya wuce yatsana ya rataya a iska. Na juya ɗaya bakin. Ƙullin ya zauna a kan farcena kamar an haife shi a nan.

"Malam akawu, kawo ƙaramin."

Ya dawo da takalmin yana kallon hannuna. "Da me ka gane?"

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Hannu ma haka."

Na gaya masa yadda abin yake. Bai yi dariya ba wannan karon. Ya mayar da wanda ya fara ɗaukowa, ya hau tsani, ya sauko da wani na kambas, mai laushin ciki, mai igiya.

"Wannan ya fi. A sassauta igiyar ta ƙafar da ke da bandeji, a ɗaure ɗayar. Ni ma uwata na raye."

Na kifa takalmin a kan hannuna, daga tabo zuwa yatsa, da ɗan sararin numfashi. Na biya, aka naɗe mini a takarda, na kama jirgi yana busa.

Washegari na wanke ciwon, na ɗaure, sannan na kwance takardar a gaban Inna. Ta daɗe tana kallon takalmin.

"Ƙafa ɗaya ke ciwo, ka sayo biyu. Wa ya koya maka almubazzaranci?"

"Ba a raba su, Inna."

"Kamar kai da taurin kai."

Amma ta miƙo ƙafar. Na sassauta igiyar, na zura. Ya shiga ba gardama. Ta motsa yatsunta a ciki, tana neman abin da za ta kama ta yi faɗa, ba ta samu ba.

"Wa ya auna ni?"

Maiɗakina na bakin murhu, ba ta juyo ba. "Ni dai na ga wani kirtani yana yawo a tsakar gida, Inna."

"Ashe barcin rana ma ba a tsira ba a gidan nan."

Ta miƙe ta taka sau uku zuwa ƙofa, ta dawo. Sai ta ɗauki sabon kwanon ta ce za ta ɗebo ruwa. Famfo na bayan ɗakinmu, taku ashirin. Inna ta bi ta gaban barikin, ta wuce ƙofar kowa ɗaya bayan ɗaya, tana gaishe da mutanen da ta gaisar tun da asuba.

Ƙarshen wata malamin asibiti ya kwance bandejin, ya danna gefen mikin, ya ce ya fara haɗa baki, a ci gaba. Bai sake ambaton babban asibiti ba.

Labulen ne ya tona ni. Maiɗakina ta yi kalmasa ta rataya, sai ga shi ya zarce tagar da faɗin yatsa biyu, don mai yankan yadi ta bakin da na ƙona ya kama. Ta nemo kirtanin a aljihun rigata, ta juya shi, ta ga baƙi nan, baƙi can.

"Maigida, ni baki ɗaya na ƙona."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa mata duka, har da ashanar mai taba. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Mai auna layin jirgi."

"Yawa ya fi rashi. Ki naɗe shi ciki."

Ta ƙi. Haka labulen ya zauna da rarar yatsa biyu ta hannun dama har ya koɗe, kuma duk ranar da na ɗaga murya a gidan kan abin da na iya, ba ta ce mini uffan. Sai dai ta tashi ta je ta gyara labule.