Doyar Ta'aziyya

Kwana goma sha ɗaya da rasuwar mahaifiyarta Zulai ta hau motar Najeriya. Ita ba ta ce za ta tafi ba, ba ta kuma ce za ta zauna ba. Mahaifinta ne ya ce tunda makarantar horon malamai ta Yamai ta zaɓe ta cikin waɗanda za su je gwajin koyarwa a waje, to ta je, zama a Damagaram ba zai tashi wanda ya kwanta ba.

Aka tura ta wata sakandare a Tungan Maje, kusa da Abuja, ta koyar da Faransanci wata uku. Shekarar 2007 ce, Abuja sai gini ake, manyan motocin yashi na wucewa ta bakin makarantar tun safe. Duk malamin da ka gani yana da sabuwar wayar hannu. Zulai tana kallon wannan duka kamar ta bayan gilashi.

Da safe a yi layi, a rera taken ƙasa, shugaban makaranta Oga Thaddeus ya yi ta faɗa da Turancin da rabinsa kaɗai take kamawa. Sai ta shiga ajin mutum saba'in, ta rubuta, su maimaita. Ranar da ta ce musu "lakwal" maimakon makaranta, yara suka yi ta dariya har da buga tebur. Ta tsaya ta jira suka gama, ta ci gaba.

Teburinta a ofishin malamai yana kusa da na Rekiya, malamar lissafi, 'yar Okene, wadda Hausarta ta kasuwa ce.

"Ke baƙo ne, dole ka ci abincinmu," in ji Rekiya, tana buɗe kula.

Yau apapa na wake, gobe amala da ewedu daga rumfar Mama Lucia, jibi tuwon rogo da miyar agushi mai manja har yana malala. Zulai takan wanke hannu ta cinye tas. In Rekiya ta tambaye ta ko ya yi daɗi, sai ta ce ya yi. Da za a ba ta takarda a jiƙe ma haka za ta ce.

A mako na bakwai Malam Musbahu, jami'in da zai duba koyarwarta, ya zo ya zauna a bayan aji da fayil a cinya. Darasin ranar a kan iyali ne. Ta zana uba, uwa, wa da ƙanwa a allo, ta sa yara su tambayi juna sunayen iyayensu da Faransanci. Abin yana tafiya daidai, sai wata yarinya mai suna Sumayyah ta ɗaga hannu, ta haɗa jimlarta a hankali, ta tambayi malama sunan tata uwar.

"Habsatu," Zulai ta ce. Sannan ta ƙara da Faransanci cewa ta rasu.

Ba su gane kalmar ba. Sai ta juya ta rubuta ta a allo, ta fassara da Hausa, ta nuna musu yadda take sauyawa in namiji ne ya rasu, da in mace ce, da in suna da yawa.

"Ku maimaita," ta ce.

Sai Sumayyah ta sake ɗaga hannu.

"Malama, yaushe?" Sumayyah ta tambaya.

"Yau kwana sittin."

Ta goge allon, ta ba su aikin gida. Bayan an tashi Malam Musbahu ya yi mata ta'aziyya a bakin ƙofa, ya ce darasin ya yi kyau, ya tafi bai dube ta sosai ba.

Kafin azahar labari ya zaga makaranta. Rekiya ta shigo ofis a fusace.

"Wata biyu muna cin abinci kwano ɗaya, ba ka faɗa mini ba? Ni ba 'yar'uwanka ba ne?"

"Ban san yadda zan fara ba, Anti."

Washegari bayan layin safe, Oga Thaddeus ya kira ta gaba. 'Yan ajinta suka zo ɗaya bayan ɗaya, Musulmi da Kirista, kowa da addu'ar da aka koya masa a gida. Iyayen wasu manoma ne daga wajen Abaji, sun aiko da doya har guda ashirin da uku. Zulai ta tsaya cikin rana tana cewa amin, tana jiran wani abu ya motsa a ƙirjinta. Abin da ta ji kawai shi ne ƙafafunta sun gaji.

A makonnin da suka rage, Rekiya ta riƙa janta gidanta a Zuba duk Asabar, ta koya mata daka sakwara har tafin hannunta ya yi kanta. Ba sa maganar rasuwar. Ɗaya na daka, ɗaya na juyawa.

Da wa'adinta ya cika, ta koma gida da takardar yabo da doya shida, sauran ta bar wa Rekiya. Ta tarar an kulle ɗakin mahaifiyarta, ba ta nemi makulli ba. Washegari ta ari turmi a maƙwabta, ta daka sakwara, ta yi miyar agushi, ta kai wa mahaifinta zaure.

Ya gutsura, ya jujjuya lomar a hannu kafin ya kai baki.

"Abin nan da nauyi yake," ya ce. "Zauna mana, ai ba zan iya cinyewa ni kaɗai ba."

Ta zauna a gefen tabarma, ta jawo kwanon wanke hannu.