Reshen Lalle a Jirgin Yamai

A shekarar da zancen 'yancin kai ya cika kasuwa da ƙofar masallaci, Wasila ta zama mace ta farko a layinsu na Zango da za ta hau jirgin sama. Mijinta Suma'ila yana aikin gidan waya a Yamai, shi ya aiko mata da biye, wato tikitin jirgin. Akwatunanta da kwanoninta sun riga sun bi kamyo, babbar motar kaya. Abu guda ta hana a ɗora wa mota, wata 'yar tukunyar ƙasa mai dashen lalle a ciki.

Uwar lallen tana jikin katangar gidan kakarta, Kaka Gana, rassanta sun leƙo waje. Nan Suma'ila ya fara ganin Wasila, ta taka turmi tana tsinkar ganye, shi kuma ya tsaya a kan hanya riƙe da kekensa har ya manta inda aka aike shi. Ranar da zai tafi ya ce mata, "An ce gidan da za a ba ni ko ciyawa babu. In za ki zo, ki zo mini da lallen nan." Tun ranar take rainon dashen. Ko ruwa ya yi wuya a Damagaram, sai ta rage na shanta ta zuba masa.

Sai dai gidan Kaka Gana gidan madugu ne. Marigayi mijinta ya ja ayarin raƙuma shekara da shekaru, kuma ba a taɓa jin an kawo sautu gidan an mayar da shi ba. Da safen tafiya, rabin unguwa ya biyo Wasila filin jirgi, kowa da ɗan'uwa a Yamai, kowa da ƙullinsa: kilishi, daddawa, alkaki, takalman fata, har da sabon faifai. Ta karɓa duka da hannu biyu, ta tara a gaban teburin awo.

Mai teburin kuwa Inusa ne, abokin Suma'ila tun suna 'yan makaranta a lakwal, wanda yanzu ake ce wa Mushe, wato Malam da Faransanci, sanye da gajeren wandon kaki. Ya dubi tulin kayan, ya dafe kai.

"Amarya, kasuwar Dole kika kwaso?"

"Sautu ne, Mushe Inusa. Ɗora a sikelinka."

"Wurin kaya na jirgi ya cika tun jiya da buhunan gidan waya. Abin da ya rage kayan hannu ne, shi ma guda ɗaya ga kowane fasinja, wanda zai zauna a cinya. Doka ce, ba ni na kafa ba."

Kaka Gana ta matso tana dogara sanda. "Kai Inusa, ɗan Larai mai ƙosai, ni za ka karanta wa doka? Raƙumin da ke cin ƙaya ya ɗauki wannan ya ƙara, balle abin da ke shan fetur?"

"Kaka, raƙumi in ya gaji durƙusawa yake. Wannan in ya gaji, sai dai a yi mana ta'aziyya."

Mutane suka yi dariya, amma kowa idonsa na kan ƙullinsa. Wasila ta ga haka. In ta mayar da kayan nan, a kanta sunan gidansu zai zube. In ta ɗauki na wani guda, ta bar lallenta, ta kuma ɓata wa sauran. Ta juya ta dubi fasinjojin da ke jira a inuwar rumfa, sai ta lura yawancinsu hannu sake suke.

"Kowane fasinja guda ɗaya ka ce?"

"Haka na ce."

"Ka ce dole sai nasa?"

Inusa ya sosa ƙeya. "Ban ce ba."

"Kaka," in ji Wasila, "in jakin wani ya yi nauyi a ayari, yaya Baba Madugu yake yi?"

Tsohuwar ta yi murmushi. "Ya raba wa masu sauƙi mana. Wa zai ƙi?"

Wasila ta gyara mayafi ta nufi rumfar kai tsaye. Ta fara da wani tsohon sarzan na soja, mutumin garin Dogo, ta durƙusa ta gaishe shi. "Baba, hannunka da ya riƙe bindiga ba zai gaza da alkaki ba." Ya karɓa yana dariya. Wasu 'yan majalisa biyu masu manyan riguna suka kau da kai, ta sha gabansu. "Ranku ya daɗe, maganar talakawa kuke kaiwa Yamai. Ga daddawarsu, ku haɗa." Masu rakiya suka ɗauki shewa, dole suka miƙa hannu. Wata Baturiya malamar asibiti ta nemi faifan da kanta, tana juya shi tana yaba saƙar. Wani Balarabe ɗan kasuwa ya rungumi kilishi, Kaka Gana ta ɗaga masa sanda. "Na san faɗinsa, ka ji ko!"

Kafin a kira fasinja, gaban teburin ya zama fili. Wasila ta ɗauki tukunyarta ta rungume, zuciyarta fes. Har ta hango fuskar Suma'ila in ya ga koren ganyen.

Sai ga Hajjo, tsohuwar maƙwabciyarsu, tana haki, ƙafafunta butu-butu da ƙasa. Ta makara ne wajen jiran zumar da ta sa a kawo mata daga Durum. Ɗanta Dodo yana kwance a Yamai, tari ya ƙi sakinsa. Ta miƙo goran zumar, an toshe bakinsa da tsumma.

"'Yar nan, ki ce masa ya sha safe da yamma. Ki ce ni na ce."

Wasila ta waiwaya. Babu sauran hannun da ba kaya. Inusa ya sunkuyar da kai. "Wallahi amarya, da da hali..."

Ta dubi goran, ta dubi tukunyar. Idonta ya cika. Ta ajiye tukunyar a gaban kakarta.

"Baba sarzan, ara mini wuƙarka."

Ta zaɓi reshe mafi ƙwari, ta yanke shi a karkace yadda ta yanko na farko daga jikin uwarsa. Ta yagi bakin tsohon ɗankwali, ta jiƙa a randar rumfa, ta naɗe gindin, ta soke shi cikin ɗaurin kanta, ganyen na lilo a gefen kunnenta. Sannan ta karɓi goran Hajjo da hannu biyu.

"Mushe Inusa, ga kayana guda ɗaya. Wannan kuma ado ne. Ko ana auna ado?"

"Ba a auna ado," in ji shi. "Amma in ya bushe a hanya fa? Me za ki ce wa abokina?"

"Ni na raini na farko har ya yi ganye, a garin da ake layin ruwa. Can kuwa kogi ne da su. Ka bar ni da abokinka."

Kaka Gana ta ɗauki tukunyar ta ɗora a kai. "Ja'ira, wannan nawa ne yanzu. In naki ya ƙi, ki aiko."

"Ba zai ƙi ba, Kaka."

Ta taka matakalar jirgin ba ta ko dafa ƙarfe ba. A ciki warin daddawa ya riga ya gauraye da na fetur, 'yan majalisa sun ɗora ƙulli a cinya suna kallon gaba. Wasila ta zauna kusa da taga, ta matse goran zumar a ƙirjinta. Da jirgin ya ɗaga, duwatsun Damagaram suka ƙanƙance a ƙasa, ta kai hannu ta taɓa tsumman da ke cikin ɗaurin kanta. Da sauran damshinsa.