Majinyaci a Kwalin Takalmi

Sista tana shanya rigunan jariri a igiyar bayan bene ta ji wani abu ya faɗo a gindin bango. Ta sunkuya da ƙyar, saboda gwiwar nan tata, sai ta ga ɗan tsuntsu ne, tsirara haihuwar uwarsa, ba gashi sai 'yan tsiraru a fukafukai. Yana ta wage baki, bakin ya fi kan girma.

"Kai, wannan ai bakwaini ne," in ji ta.

Shekara talatin da ɗaya ta yi a ɗakin jarirai na asibiti kafin ta yi ritaya, shi ya sa har yau kowa Sista yake ce mata, har surukinta. Hannunta bai jira shawararta ba. Kafin minti goma ɗan tsuntsu yana kwance cikin kwalin takalmi a kan teburin kicin, a hawa na biyu. Ta shimfiɗa masa auduga, ta naɗe kwalbar ruwan ɗumi da safa ta jingina a gefensa, sannan ta ɗauko ƙaramin sirinji ta zuƙi madara.

"Mama, tsuntsu yana shan madara kuwa?"

Auta ce, 'yarta, tsaye a bakin ƙofa ta dafa bango. Kwana ashirin da biyu ke nan da aka yi mata aiki aka ciro ɗanta na fari. Sati ɗaya Sista ta ce za ta yi a gidan, amma tun da ta ajiye jaka jariri ya koma hannunta. Ita ke wanka, ita ke canji, a ɗakinta yake barci. Maigidana take ce masa. Ba a miƙa wa Auta shi sai lokacin shan nono, shi ma Sista tana tsaye a kanta: "Ɗaga kansa. Ba haka ba. Kawo shi nan." Har ta kai in ya yi kuka Auta ba ta miƙa hannu, uwarta take kallo. Da safen nan ma Auta ta ce, idonta a ƙasa, gara a mayar da shi kan madarar gwangwani gaba ɗaya, ita ba ta iya ba, ba ya ma yin shiru a hannunta.

Maganar ta soki Sista, amma ba ta musa ba. Tsoro ne ya cika mata ciki, ba mugunta ba. Ita Sista, ɗanta na fari kwana ashirin da huɗu ya yi a duniya. Tana yarinya, ita kaɗai a ɗaki, zazzaɓi ya kama shi ba ta gane ba sai da lokaci ya ƙure. Abin da ya kai ta karatun jinya ke nan. Tun da aka haifi wannan jikan take ƙirga kwanaki a zuci, ba wanda ta gaya wa.

"Jariri duk jariri ne," ta ce wa Auta. "Je ki kwanta."

Ta ɗaga sirinji ke nan aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai lambun gidan ne, tsoho siriri mai haƙora uku da bakin tsiya, ya kawo mata bahon wankin da ta manta a ƙasa. Ya leƙa kicin, ya dire bahon.

"Subhanallahi! Sista, kisan kai za ki yi da rana tsaka?"

"Ceton rai nake yi, Baba."

"Ajiye allurar nan don Allah. Ki ɗiga masa ko ruwa ne, hanyar numfashi zai bi, ya shaƙe. Madara kuwa, kin taɓa ganin tsuntsuwa da nono?"

An ce wanzami ba ya son jarfa. Fuskar Sista ta ɗaure tamau. Shekara talatin da ɗaya, yau mai yankan ciyawa ne zai koya mata reno!

"To yaya kake so a yi da shi?"

"A mayar wa mai shi. Da ya yi gashi yana tsalle-tsalle, sai in ce a bar shi a ƙasa, a kore masa kyanwa kawai, iyayensa za su bi shi da abinci. Wannan kuwa sheƙa yake buƙata."

"Na riga na taɓa shi. Uwar ba za ta karɓe shi ba."

"Zancen mutane ne. Na mayar da sun fi ashirin, ban ga wadda ta ce ɗanta yana warin mutum ba. Tun ɗazu tana kan wayar lantarki tana kururuwa, ke ce ba ki ji ba."

Suka sauka. Sheƙar tana maƙale a bayan bututun ruwan sama, sama kaɗan da tagar hawa na ƙasa. Baba ya jingina tsani, ya tallabi ɗan tsuntsun a tafin hannu, ya hau ya ajiye shi kusa da 'yan'uwansa biyu. Ga uwar kuwa a kan wayar lantarki, 'yar ƙarama ruwan toka, da ƙwaro a baki, ta tashi ta sauka, ta tashi ta sauka.

Sista ta tsaya a gindin bango, ta riƙe kwali, ta ɗaga kai. Minti ɗaya. Minti biyu.

"Ka gani? Ba ta zo ba. Sauko min da shi kafin sanyi ya kama shi."

"Ina za ta zo kina tsaye mata a ka kamar mai duba jarabawa? Zo mu koma can."

Ya ja ta har bencin da ke kusa da ƙofar shiga, ya zauna ya ciro wuƙarsa yana goge ta da tsumma.

"In ba ta iya ba fa?" in ji Sista. "Ai a hannunta ya faɗo."

"Wataƙila ƙyanƙyasar fari ce. Kowa da ranar farinsa. Ke dai kin fi ta auduga da kwalba, amma in kika riƙe shi, jibi war haka ni zan haƙa masa rami."

Sista ta buɗe baki za ta ba shi amsa, sai kuka ya sauko daga tagar hawa na biyu. Ta san shi ko cikin kuka ɗari: Maigida ne, kukan yunwa. Tuni ta miƙe. Labule ya motsa, fuskar Auta ta leƙo.

"Mama! Ya tashi!"

Sista ta dubi taga, ta dubi waya inda tsuntsuwar take ta kai-kawo da ƙwaronta. Ta daɗe a tsaye. Baba bai ko ɗago kai ba.

"Gwiwata ta riƙe, Auta," ta ɗaga murya. "Ɗauke shi."

Ƙarya ce, Allah ya yafe mata. Ta koma ta zauna, ta danne hannayenta biyu a ƙarƙashin cinyoyi. Kukan ya ƙaru, ya koma irin mai shiɗewar nan. Da ita ce, minti biyu ya ishe ta. Ɗakin nan na shekara arba'in da suka wuce ya dawo mata, hawaye ya zubo ba ta da hannun share shi.

Baba ya zungure ta da gwiwar hannu. Tsuntsuwar ta bar waya ta sauka kan bututu, ta waiga hagu da dama, ta shige. Cuwi-cuwi ya kaure a sheƙa.

"Baki uku na ji," in ji shi.

Agogonta ya nuna minti goma sha biyu kafin kukan sama ya tsaya. Shirun ya fi kukan ba ta tsoro. Ta suri kwalin ta haye matakala, ta manta ma da gwiwar. A ƙofar ɗakin Auta ta ja birki, ta leƙa.

Auta tana bakin gado, gumi ya jiƙe mata wuya. Riƙon ba na littafi ba ne, kan ya ɗan karkace, matashin ma ba a inda ya kamata yake ba. Amma Maigida yana tsotso yana haɗiya, ya damƙe mata ɗan yatsa.

"Ɗaga kansa" ya zo har bakin Sista. Ta haɗiye shi. Ta wuce kicin, ta matse madarar sirinji a wurin wanke-wanke, ta zazzage audugar kwalin a kwandon shara.

"Mama?" Auta ta kira daga ɗaki. "Zo ki duba. Haka ne?"

Sista ta dafa tebur da hannu biyu. Ba ta motsa daga inda take ba.

"Haka ne," in ji ta.