Ɓangaren Doka

Hamisu da ƙaninsa Taha ne suka rubuta manhajar da ke tsara wa motocin riɗi layi, a wani ɗan shago bayan kasuwar amfanin gona ta Gadarif. Lokacin takunkumin tattalin arziki ne, kwamfuta sai wane da wane. Suka raba aikin: Hamisu ya ɗauki ɓangaren Gadarif, Taha na garin Doka, na'urorin biyu suna magana ta layin tarho. Butar shayi ɗaya gare su, da fanka mai ƙara kamar injin niƙa, amma Hamisu bai sake jin daɗin aiki irin na shekarun nan ba. Daga baya aka kwashi Taha hidimar soja zuwa Kudu, bai dawo ba.

Manhajar ta tsufa tana aiki, sai dai tana da hali. In wuta ta ɗauke a garuruwan biyu lokaci guda ta dawo, komai sai ya tsaya cik, direbobi su yi ta zage-zage a rana. Alhaji Haladu mai motocin ya gaji.

"Ya ustaz, halas, ya isa haka. Kafin yankan riɗi ka goge na Doka, ka rubuta sabo."

Hamisu ko hoton kirki na Taha ba shi da shi. Layukan manhajar da Taha ya rubuta ne suka rage masa, don haka ya roƙi a ɗaga masa ƙafa.

Gwaji ya ƙi kama laifin, sai ya mayar da ɓangarorin biyu zuwa lissafi, ya ba wata manhaja mai bin duk hanyar da saƙo zai iya bi, ba ta tsallake ko ɗaya. Na Gadarif shi kaɗai lafiya lau. Na Doka ma haka. Da aka haɗa su ne ta nuna inda suke maƙalewa. Ashe tun farko Hamisu ya sa nasa ya jira gaisuwa, don a gidansu ƙarami ke gaida babba. Shi kuwa Taha, da bai taɓa riga yayansa sa hannu a kwano ba, ya sa nasa ya yi shiru har a yi masa magana.

Hamisu ya yi dariya har da hawaye, can dariyar ta tafi ta bar shi da hawayen.

Bai taɓa layin Taha ko ɗaya ba. Nasa ya gyara, babba ya fara sallama, lissafin kuma ya tabbatar babu sauran maƙalewa. Ya sa aka kashe na'urorin biyu, aka kunna. Gadarif ta yi sallama, Doka ta amsa nan take da kalmomin da Taha ya sa mata: "Na'am, Yaya."