Layin Ƙarshe na Mazaɓar Kwarin Gawo

Mazaɓar Kwarin Gawo ba ta cikin taswira yanzu. Alhaji Na'ibi ne ɗan majalisar tarayyarta na farko, shi ne kuma na ƙarshe. Lokacin da aka zaɓe shi ba a jefa ƙuri'a a akwati, layi ake yi a bayan hoton wanda ake so, a ƙirga kawuna. Bai daɗe a kujera ba sojoji suka rushe majalisa. Da mulkin farar hula ya dawo, aka yanka mazaɓar gida uku, aka liƙa wa maƙwabta.

Shi kuwa ya ƙare a Jidda, yana gadin wani sito a unguwar Khumra. Abin da ke cin ransa rantsuwa ce. Ranar da ya ci zaɓe ya dafa Alƙur'ani a dandalin garinsu, ya ce zai riƙe amanarsu har su zaɓi wani, ga shi ba a taɓa zaɓen wani ba. Shi ya sa duk ɗan Kwarin Gawo da kafili, wato ubangidansa na aiki, ya riƙe wa fasfo, ko iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu, ƙofar Na'ibi yake bugawa, shi kuma bai iya cewa a'a ba.

Yanzu likita ya ce ranar Lahadi za a yi masa aikin zuciya. Wuƙar ba ta ba shi tsoro kamar a tashe shi gobe ƙiyama da wannan kaya a wuya. Sai ya tara tsofaffin mazaɓar da ke Jidda bayan la'asar a ɗakinsa na unguwar Kurayyat.

"Ku tsayar da wani, ku yi layi a bayansa, ku sauke ni."

Kassimu direba ya ce, "Ranka ya daɗe, kujerar da ba albashi sai bugun ƙofa? Ni gwiwata ma ba ta tsayuwa."

Aka yi dariya, ban da Na'ibi. Ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zuba wa kofin shayinsa ido.

'Yarsa Mastura, haifaffiyar Jidda, wadda ba ta taɓa taka Kwarin Gawo ba, ta ajiye farantin da ke hannunta.

"Halas, shi ke nan, Baba, ni na tsaya. Yalla, ku yi layin, ya samu ya sha magani."

Da wasa ta faɗa. Amma Kassimu ya miƙe, gwiwa ta warke, ya tsaya a bayanta. Sauran suka bi, har layi ya kai bakin ƙofa. Na'ibi ya ƙirga kawuna da yatsa, yadda aka yi masa a da, ya yi hamdala, ya ji ƙirjinsa sakayau.

Kafin layin ya watse, wata tsohuwa, Zubaidatu, ta kamo gefen abayar Mastura.

"'Yar nan, jikana ne aka kama shekaranjiya a unguwar Abhur, ba takardu a jikinsa..."

Mastura ta juyo ta dubi mahaifinta, dariyar ta bar fuskarta. Ya buɗe baki zai ce a kawo maganar wajensa, sai ya tuna ba shi da wannan hurumin kuma. Shi da kansa ya ƙirga kawunan.