Injin Rubutun Makafi na Malam Manasse

A shekarar 1999 Malam Manasse yana kwance ba lafiya a gidansa na Galtimari, buri ɗaya ya rage masa. Tsohon malamin coci ne, makaho, ya tsara waƙoƙin yabo da harshen Bura, yana so ya shafa su da yatsunsa a takarda kafin ya tafi. Ɗansa Dzarma, mai koyar da kwamfuta, ya ɗauki alkawari har da bugun ƙirji.

Cocinsu na da injin buga rubutun makafi, kyautar wasu baƙi. Matsalar farko ita ce manhajar kwamfutar da ke sarrafa injin ba ta san haruffan Bura masu lanƙwasa ba. Wannan bai dami Dzarma ba, don irin manhajar nan ce da ake bari a buɗe, kowa ya duba, kowa ya gyara. Ya aika saƙo ta intanet, kafin mako ya zagayo wani da ko fuskarsa bai sani ba ya turo masa gyara. Dzarma ya dinga ba da labari kamar shi ya ƙirƙiro lantarki.

Ranar gwaji injin ya ja takarda, ya yi ƙara kaɗan, ya tsaya. Sai ƙauri.

Dzarma ya ɗora injin a babur zuwa unguwar Shehuri, wurin Babakura mai gyaran rediyo. A garin nan ba a yar da kayan wuta: a buɗe, a karanta lambar abin da ya ƙone, a ciro irinsa daga wata matacciyar rediyo. Babakura ya kwance murfi, sai ga allon wayoyin ciki an malale shi da baƙin danƙo mai tauri. Ya yini yana kankara da reza. Da ya kai ga ƙwayar da ta ƙone, ya tarar an goge lambarta tun daga kamfani.

"Malam Dzarma, da akwai lamba da na nemo maka, ko a Kano ne," in ji Babakura. "Waɗannan ba sa so a taɓa musu kaya."

Dzarma ya koma ga mutanensa na intanet, suka yi ta jajanta masa. Zanen allon yana hannun kamfani, kamfanin kuma ya daina ƙera injin. Wani ya ce wata rana za a riƙa ƙera injuna a buɗe kamar manhaja. Dzarma ya ji zafin maganar nan ƙwarai, domin likita bai yi musu alkawarin wata rana ba.

Washegari da la'asar ya shiga ɗakin mahaifinsa riƙe da takardar da injin ya fara bugawa. Tsohon ya ji motsinta.

"Ta fito ke nan? Kawo."

Dzarma ya miƙa masa. Malam Manasse ya bi layin farko da yatsa, ya gane waƙarsa, ya yi murmushi, ya soma rerawa a hankali. Yatsun suka gangara ƙasa, suka yi ta lalube a fili sumul. Ya daina rerawa.

"Sa min ita ƙarƙashin matashi," ya ce. "In sauran sun fito, ka tashe ni."